Ya Fi Rabi, In Ji Kaka

Tun ranar da aka kai Kaka makwancinta, duk wanda ya shigo gidanmu sai ya tuɓe takalmi, ya zauna bisa tabarma, ya ce wa Baba, "Sai haƙuri. Baiwar Allah ce mai sanyin hali." Ni ina bayan zana ina wanke kwanonin baƙi, ina jin su. Da Kaka za ta iya tashi, da ta tambayi mai maganar ko ɓatan gida ya yi. Matar da in ta ƙwala kira daga bakin rijiya, awakin unguwa ke daina kiwo su ɗaga kai, ita ce yau mai sanyin hali.

Wata tsohuwa ta zo daga Sabon Maci, ta yi kuka har muka tausaya mata, da ta share ido kuma ta tambayi wa za a bar wa babbar tukunyar Kaka. Dangin Mama sun zo daga Ɗan Gulbi bisa amalanke da damman gero, suka ce ba su taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ina jin daga Ɗan Gulbi ne kaɗai ba a jiyo ta. Mutum ɗaya ne bai yabe ta ba, shi ne Baba Tsoho, ƙanen mijinta. Yana zaune a gefe da ɗan butar shayinsa, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Ta ci gardama ta tahi." Mutane suka ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa shi. Ni na san abin da yake nufi.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. In aka ci gaba haka, kafin sadakar arba'in za a mayar da ita wata mata dabam, mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ban taɓa sani ba. Sunanta aka sa mini. Baba ba ya iya faɗin sunan uwarsa, don haka Inna yake ce mini, ita kuwa Takwara take kirana. Tun da ni ke ɗauke da sunan, ni ya kamata in faɗi yadda mai shi take.

Kaka doguwa ce. Ba tsawo irin na mutane nake nufi ba. In ta tsaya a tsakar gida tana hango abin da maƙwabta ke dafawa, har ta ba su shawara kan gishiri. Ranar kasuwa, raƙuma ido da ido suke gaisawa da ita. Takan ce bayan Allah, ƙofar ɗakinta ce kaɗai ta taɓa sa ta rusuna.

Cikin ɗakin akwai akwatin ƙarfe, cikin akwatin akwai ƙunshi, cikin ƙunshin akwai likkafaninta. Kakanmu namiji, wanda ya rasu kafin a haife ni, shi ya kawo shi. Da ya je Makka ya sayi farin yadi mai faɗi ƙunshi biyu, ya jiƙa su da ruwan Zamzam, ya shanya, ya dawo da su. Nasa ya tafi da shi. Nata yana jiranta.

"Anko muka yi da Alhaji," in ji ta. "Shi dai ya riga ni zuwa wurin bikin."

Wasiyyarta guda ce, kuma ta faɗa wa Baba, ta faɗa wa Gwaggo, yayar Baba, ta faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da ita. "Ko mi za ku ƙara daga bisa, ku ƙara na kasuwa. Amma wanda zai taɓa jikina, tun daga kai har tafin ƙafa, wanga nike so." Da farko ba wanda ya damu, don yadin ya isa ya naɗe ta har sau biyu da saura. Kowace shekara bayan girbi takan fito da shi ya sha iska saboda gara. Ni ke riƙe baki ɗaya, ita ɗaya, yana miƙe daga ƙofar ɗakinta har gindin dogon yaro. Yana ƙamshin kanumfari da tsohon ƙarfe.

Da Kaka mai riƙe abu ce, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Yankan yadin na farko ina ƙarama aka yi shi. Wata baƙuwa ce, matar wani makiyayi da ke wucewa da dabbobi, ta rasu a gefen gari ba ta da kowa. Kaka ta ji labari, ta fito da ƙunshin, ta miƙo mini baki ɗaya. Ta ninka yadin gida uku, ta daidaita bakunan, ta ɗan tsaga da reza, ta yage ɗaya.

"Ɗaya na ba da, biyu na riƙe," ta ce. "Ya hi rabi."

Gaskiyarta ce, ko da yake lokacin ban san yadda ake gane hakan ba. Sai da na shiga CM1 a lakwal, wato aji biyar na makarantar boko, na haɗu da lissafin rabe-rabe da Madam ɗinmu ke kira farakisiyo. Ranar farko ta rubuta ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas a allo, ta ce wanne ya fi. Na ɗaga hannu har ina tashi tsaye, na ce mai takwas mana, tun da duniya take takwas ta fi huɗu. Sifilin da ta zana mini da jan biro, ɗan akuya zai iya kwana a ciki.

Na dawo gida ina cewa Madam ba ta ƙaunata. Kaka tana tsinke zogale, ta ce in faɗa mata tambayar.

"Ke Takwara," ta ce. "Ga akushin tuwo gidan Kawunki, ɗiya huɗu za su ci. Ga akushi irinshi gidan liman, ɗiya takwas. Ina za ki wanke hannu?"

"Gidan Kawu."

"To ashe cikinki ya hi kanki ilimi. Daga yau shi za ki riƙa tambaya."

Haka kuwa na yi. Da aka kai mu biyu bisa uku da uku bisa huɗu, cikin nawa ma ya rikice, sai ta aike ni in sayo cuku guda biyu wurin Buzuwar da ke kawowa. Ta ɗora ɗaya bisa ɗaya tukuna, ta ga girmansu ya zo daidai. Ta ce in ba girmansu ɗaya ba, ba gwaji za a yi ba, faɗa za a yi. Ta karya ɗaya gida uku ta ɓoye ɓari guda, ta karya ɗayan gida huɗu ta ɓoye ɓari guda.

"Kar ki dubi abin da aka ba ki. Dubi abin da aka hana ki. Ina aka hana ki kaɗan?"

Na nuna mai gida huɗu. Ta ce to shi ya fi. Na gane, na kuma cinye darasin duka kafin ta juyo. Ta bi ni da muciya har zaure, taku biyu kawai ta yi.

A shekarar ne Baba Tsoho ya kwanta ciwo. Shi ɗan ƙaramin mutum ne, in ya naɗa rawani rawanin ya fi shi yawa. Shi da Kaka wasan ƙanen miji da matar wa suke yi tun kafin a haifi Baba, ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ciwon ya yi tsanani har aka dawo da shi daga likita, aka juya shi gabas, mata suka fara tattara tabarmi. Kaka ta dawo daga duba shi. Ta buɗe akwati, ta miƙo mini baki ɗaya. Ta ninka abin da ya rage gida uku, ta yage ɗaya, ta ce a kai a yi masa rigar likkafani da shi.

"Ɗaya na ba da, biyu na riƙe. Ya hi rabi."

Washegari Baba Tsoho ya buɗe ido ya ce a dama masa fura.

Da ya warware ya zo gidanmu yana dogara sanda, ya zauna gindin dogon yaro ya hura gawayin shayinsa. Kaka ta tsaya a kansa, inuwarta ta rufe shi duka.

"Ka ci mini yadi, kuma ka ƙi mutuwa."

"Na je, aka ce ba wuri. Aka ce ana gyaran wani dogon rami, in jira a gama da mai shi."

"Rami ya ci ka. Riƙe abinka, ni nawa ya hi rabi."

Nan ne bakina ya ja mini. Na ce, "Kaka, bai kai rabi ba."

Ta juyo a hankali. Na riga na fara, sai na ɗauki kara na zana dogon yadi a ƙasa, na raba shi gida tara. Na share uku, na baƙuwar nan, saura shida. Na ce shidan nan ta ninka uku, kowane ninki gida biyu ke nan, na share biyu na Baba Tsoho. Saura huɗu. Rabin tara kuwa huɗu ne da rabi.

"Uku na ninka," in ji Kaka. "Na ɗauki ɗaya. Biyu ba su hi ɗaya ba?"

"Sun fi. Amma na wane yadi? Wanda kika ninka kwanan baya ba shi ne wanda Alhaji ya kawo ba, ya riga ya ragu. Ke kika ce sai girmansu ɗaya ake gwadawa."

"Ji ɗiyar nan. Da cukuna na koya mata, yau ni za ta karanta wa." Ta juya ga Baba Tsoho. "Kai, raba mu."

Ya kurɓi shayi ya ce duk wadda ta ba shi sukari ita ke da gaskiya.

Kaka ta sa ƙafa ta share zanen, gida taran duka da tafin ƙafa ɗaya. Ranar ta hana ni ƙanzon tukunya, wanda tun da na yi haƙori nawa ne. Na yi ta yawo a unguwa ina ba da labarin na kayar da Kaka a lissafi, ina ƙara gishiri, har na ce ta yi kuka. Ba ta yi ba. Abin da ta yi shi ne, bayan ta share zanen ta daɗe tana kallon wurin. Yanzu da nake tunawa, ina jin ta gane tun kafin in gama zanawa. Ba ta son ta sani ne kawai, don wanda ya san abinsa bai kai rabi ba, hannunsa yakan yi nauyi in an sake zuwa nema.

An kuwa sake zuwa, kuma daga cikin gida. Mama ta haifi namiji, aka yi suna, bai daɗe ba ya koma. Da hantsi ne, gidan ya yi tsit. Kaka ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini baki ɗaya. Wannan karon gida huɗu ta ninka. Ta dube ni.

"Ɗaya cikin huɗu bai kai ɗaya cikin uku ba. Ko ba haka Madam ta ce ba? Kin ga na koyi rowa."

Na ja bakin yadin, ta yage ɗaya. A raina na share gida ɗaya cikin huɗun da suka rage. Saura uku cikin tara, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da Alhaji ya kawo. Da hannunta ta naɗe ƙanena, kuma ranar ba ta ce ya fi rabi ba.

Daga shekarar, shan iskan yadin ya koma awo. Takan kwanta bisa tabarma ta miƙe, in ja mata shi daga kai zuwa ƙasa. Iyakarsa tsakiyar ƙwauri.

"Ba komi," takan ce. "Ina tsufa ina gajarta. Za mu haɗu a hanya."

Kowace shekara sai mun auna, kowace shekara ƙafafun nan na waje kamar taɓare biyu. Bayanta ya ɗan ranƙwafa, ta yi murna, sai Gwaggo ta tuna mata cewa masu wanka miƙar da mutum suke yi. Ta ce Gwaggo ba ta taɓa kawo labari mai daɗi ba tun tana yarinya.

Sai ta koma kan Baba Tsoho. Duk inda suka haɗu, gidan suna ko bakin kasuwa, gaisuwarta guda ce: "Ka mutu ko ka maido." Shi kuma ya ce, "Ina shiri." Mutane su yi dariya. Wata rana da la'asar, gindin dogon yaron nan, ta faɗa masa kamar kullum, amma muryarta ba ta wasa ba ce. Shi ma bai yi dariya ba. Ya ajiye kofin shayi.

"Wana ne ya kawo shi," ya ce. "Ke a gida kika same shi, da gemunshi. Ni shi ya goya ni muna bin raƙuma. Ba ni da komi nashi sai wanga."

Kaka ta ce shayinsa ya cika ɗaci, ta shige ɗaki. Ba ta sake tambayarsa ba, ko da wasa. Suka koma zagin juna kan wasu abubuwa, haƙoransa da suka zube, muryarta da ke korar kaji, amma ba a ƙara ambatar yadi ba. Mu ma muka daina awo. Takan fito da shi ya sha iska, ta mayar.

Ranar da za ta rasu ta sha kunu, ta zagi akuyar maƙwabta da ta shigo mata rumfa, ta ce ƙirjinta ya yi nauyi za ta ɗan kishingiɗa. Kafin rana ta take ta tafi.

Maza suka wuce haƙar kabari, aka ce za a yi sallah kafin azahar. Gwaggo da wasu tsofaffi biyu suka shiga yi mata wanka. Ba a jima ba Gwaggo ta fito da yadin a hannu.

"Bai kai ba," ta ce wa Baba. "Ƙafafun na waje."

Baba ya ce a aika kasuwa a sayo a ƙara. Gwaggo ta ce haka ne, Allah ba yadi yake dubawa ba. Gaskiya suka faɗa, ban musa ba. Amma ni ce na riƙe bakin yadin nan duk lokacin da aka yage shi, kuma na ji ta da kunnena tana cewa har tafin ƙafa. Na ce wa Gwaggo ta ɗan jira ni. Na nufi gidan Baba Tsoho ko takalmi ban sa ba.

A hanya na shirya roƙo, na shirya kuka, har na shirya inda zan bi in sato in ya hana. Da na shiga, na tarar da shi zaune a ƙofar ɗakinsa, gawayin shayi ya mutu, ƙunshin yana bisa cinyarsa. Ya riga ya fito da shi. Bai dai tashi ba.

"Takwararta," ya ce. "Nawa ya rage mata?"

"Gida uku cikin tara."

"Nawa kuma fa?"

"Biyu."

"To ta hi ni. Mi take nema kuma?"

"Ƙafafunta na waje, Baba Tsoho."

"Su dai ƙafafun nan." Ya shafa ƙunshin. "Ni da mi zan tahi?"

Muna jin muryoyin mutane suna wucewa zuwa gidanmu. Ya kwance ƙunshin, ya sa hanci ya shaƙi yadin, ya daɗe a haka. Sai ya ɗago.

"In aka haɗa nata da nawa?"

"Biyar cikin tara."

"Rabin tara nawa kika ce, ranar da ta hana ki ƙanzo?"

"Huɗu da rabi."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fito duka ba, ya miƙo mini. "Yi gudu. Ki ce da ita ta ci."

Gwaggo ta haɗa su da zare da allura, ɗinki manya-manya irin na sauri. Yadin ya rufe ta daga kai har tafin ƙafa, har aka sami na ɗaurewa sama da ƙasa. Ba a barin yara su shiga, amma Gwaggo ta ɗaga labule ta ce in zo in yi sallama da mai sunana. Na durƙusa wajen kanta. Addu'ar da aka koya mini ta ɓace mini, sai na ce mata a hankali, "Kaka, ya fi rabi." Daga nan maza suka shigo da makara, wadda sai da aka nemo mafi tsawo a unguwa.

Da aka tsaga maɗauri, wani ɗan ƙyalle ya rage, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Sai da na lissafa a raina na tabbata bai kai rabin gida ɗaya ba, kada in ɓata mata nasararta, sa'an nan na kai wa Baba Tsoho wurin zaman makoki. Ya karɓa, ya juya shi, ya gwada shi a tsawon hannunsa, ya ninke ya sa a aljihu.

"Zai isa," ya ce. "Ina tsufa ina gajarta."

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata mata makwanci daidai tsawonta, ya sada ta da mai ankonta. Masu zuwa gaisuwa kuma, in za ku yabe ta, ku daina cewa mai sanyin hali ce. Ku ce mace ce da ba ta taɓa iya riƙe abinta ba, kuma duk da haka ta tafi da fiye da rabi.